Daƙiƙa Goma Sha Biyu a Gwangwanin Gahawa

Arvid Tollefsen irin mutumin nan ne da ko gaishe shi ka yi sai ya tsaya ya auna abin da kake nema a wurinsa. Shekara arba'in ya yi yana gyaran injin wanki a garin Tacoma na Amurka, bai taɓa yarda da bakin mai inji ba ko sau ɗaya. In wata uwargida ta ce masa, "Ni dai ban yi masa komai ba, haka kawai ya tsaya," sai ya ce, "Uhm," ya durƙusa ya kwance bututu, ya zaro safar yaro ko tsinken gashi, ya ɗora mata a teburin kicin, ko kallonta ba zai yi ba. Wasiƙa in ta zo, sai ya ɗaga ta a hasken taga ya ga ko wani ya riga shi buɗewa. Bai yi aure ba. Ƙanwarsa Marlys takan ce ai dole, wace mace ce za ta zauna da mai shinshina miya kafin ya kai baki?

Abin da ya fi ƙona masa rai a duniya kuwa ƙofar garejinsa ce. Tsohuwar ƙofar katako ce, fenti duk ya ɓare, ba wanda zai kalle ta sau biyu ba don hotonta ne a bangon faifan farko na ƙungiyar mawaƙa ta Tsatsar Jirgi ba. Saboda haka babu makon da zai fito bai tarar da samari da 'yanmata masu yagaggen wando tsaye cikin yayyafi suna ɗaukar hoto ba. Wasunsu ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin da faifan ya fito. Wata daga Japan har kuka ta yi a wurin. Wani ya zo da wuƙa yana kankare fenti yana zubawa a leda, Arvid ya jiƙe shi sharkaf da tiyon ban ruwa.

"Ku je ku ɗauki ƙofar gidan ubanku mana!" haka yake ce musu. Su kuwa daɗi suke ji, su koma gida su ba da labarin tsohon da kansa ya zage su.

A 1991 ne abin ya faro. Wani gidan rediyon coci ya rufe, Arvid ya sayi na'urarsu ta ɗaukar sauti, irin mai naɗin tef da ya kai faɗin faranti. Ba don waƙa ya saya ba, so yake ya kwance ta ya ga cikinta. Wasu samari huɗu na unguwa suka ji labari, suka dame shi har ya tura injinan wanki gefe, ya rataya barguna a bango, suka ɗauki waƙa goma cikin kwana tara. Jita tana kururuwa, ganga tana rugugi, Corwin mai waƙa yana ihu kamar an taka masa ƙafa. Arvid ya ɗauka ko iyayensu ba za su saya ba.

To, ga shi shekara talatin ana saye. Ƙungiyar ta je Los Angeles ta yi faifai na biyu, ba mai tuna ko sunansa, daga nan ta watse. Na farkon kuwa kullum ƙara daraja yake. Duk wanda ya san shi kuma ya san a waƙa ta huɗu ransa yake, ran ta huɗu kuma ganga ce: wani bugu mai jan ƙafa, kamar zai makara bai makara ba, sai ya zubo gaba ɗaya. Ana cewa Dewey Lasko, mai gangar ƙungiyar, bai taɓa buga irinsa ba kafin nan, bai kuma sake ba. Bayan an watse ya hau jirgin kamun ƙaguwa zuwa Alaska, jirgin bai dawo ba. Shekararsa ashirin da shida. Yanzu zanen fuskarsa ne a bangon wani kanti kusa da tashar jiragen ruwa, tsawon bene hawa biyu.

Gaskiya ne bai sake ba. Ai tun farko ba shi ya buga ba.

A rana ta bakwai Dewey ya zame a ma'aikatar kifi inda yake aiki, ya shigo gareji hannunsa na dama a kumbure, saura waƙa ɗaya ba a sa mata ganga ba. Marlys ta kawo wa yayanta abincin rana. Shekararta ashirin da uku, ta taɓa buga ganga a faretin makaranta, kuma kwana shida tana jin waƙar ta cikin bango. Corwin ya miƙa mata sandunan kiɗa cikin wasa, ta zauna. Bugu ɗaya ta yi, shi ne duniya ke ji har yau.

Bayan an gama Dewey ya ja Arvid gefe ya roƙe shi har da hawaye, in maganar ta fita shi kam ya shiga uku a garin nan. Arvid ya ɗauko reza. Aikin masu tef ne: ka kwantar da shi a kan ƙarfe mai tsaga, ka yanke, ka haɗa baki biyun da ɗan manne. Ya cire daƙiƙa goma sha biyu daga gaban waƙar, wurin da Corwin ya kira sunan Marlys, ita kuma ta ƙirga kafin ta fara. Ya naɗe guntun a jikin fensir, ya jefa a gwangwanin gahawa, ya ɗora saman kantar gareji. Da Dewey ya mutu, uwarsa Misis Lasko ba ta da sauran abin riƙewa sai waƙa ta huɗu, ko a coci takan tare baƙi ta ce, "Ɗana ne ya buga." Arvid ya kulle bakinsa, sauran samarin ma haka. Duk ɗan jaridar da ya tambayi uwar tef, wato asalin naɗin da aka ɗauka, sai ya ce ruwa ya ci shi a ambaliyar 1996. Shi da Marlys kuwa ba su taɓa tayar da zancen ba. Ta zama direbar bas ɗin 'yan makaranta, ta yi aure, ta haifi biyu, mijin ya rasu, duk Asabar takan kawo masa miyar kifi.

Wata Asabar cikin Oktoban 2021 wata mata ta ajiye mota a ƙofar gidan, ta wuce gareji ko waiwaye ba ta yi ba. Nan take Arvid ya tsargu. Masu hoto ya san maganinsu. Wannan da ba ta kalli ƙofa ba, abin da ke bayan ƙofar ta zo nema.

"Mista Tollefsen? Sunana Tessa Abalos. Kamfanin da ke riƙe da faifan ne ya turo ni, za a sake fitar da shi na cikar shekara talatin. Aikina farfaɗo da tsofaffin tef."

"Ruwa ya ci."

"An ce mana yana cikin kabad ɗin ƙarfe, bayan injin busar da kaya mai ruwan ƙasa, a nannaɗe cikin bargon soja."

Arvid ya kafa mata ido. Har da bargon!

"Wa ya ce?"

"An roƙe ni kada in faɗa."

"To ni ma na roƙe ki ki koma inda kika fito."

Ana cikin haka Marlys ta iso da tukunyar miya a rungume. "Haba Arvid, ka bar baƙuwa a ruwa? Shigo 'yar nan, rabu da shi. Haka aka haife shi, nonon uwarmu ma sai da ya shinshina."

A kicin Marlys ta zuba gahawa da hannun hagu, don bahaguwa ce. Arvid ya ga idon Tessa ya bi hannun nan ya tsaya a kansa. Ya kuma ga butar tana ɗan rawa, gahawa ta ɗiga a faranti, sai ya ce a ransa, Allah sarki, ita ma ta tsorata.

Tessa ta gaya masa abin da ya riga ya sani: tef mai wannan shekaru ruɓewa yake, nan da 'yan shekaru babu abin da zai rage. Ya juya abin a ransa. Guntun nan dai ba ya cikin naɗin. In ya ƙi, za su ce akwai abin da yake ɓoyewa. Sai ya kafa sharuɗɗa: tef ba zai fita gareji ba, shi zai gasa, shi zai ɗora a na'ura, ita kuma hannunta a aljihu.

Tsohon tef sai an gasa shi. Mannen da ke riƙe da garin da sauti ke kwance a kai yakan sha danshi ya yi danƙo, in ka juya shi haka garin zai kankare ya bar ka da farar leda. Sai a ba shi zafi kaɗan na awa takwas, ya huce, sannan ya yarda. Ranar Litinin da safe Arvid ya sa naɗin a cikin akwatin da yake busar da naman barewa, gareji ya ɗauki ƙamshin barkono da hayaƙi, suka zauna gadi. Awa takwas ɗin nan tambayoyi ya yi ta yi mata kamar ɗan sanda. Ina aka haife ta? Wa ya koya mata aiki? Me ya sa ita aka turo ba wani ba? Tana cin tuffa tana ba shi amsa a tsanake, wannan natsuwar kuma ita ta fi ba shi haushi.

Ranar Talata aka ɗora. Tef ya juya lafiya lau, sauti yana fita lasifika yana kuma shiga kwamfutar Tessa ta wata waya. Da aka zo gaban waƙa ta huɗu sai ta ɗaga hannu ya tsayar. Ta sunkuya ta duba.

"Akwai yanka a nan."

"Tari aka yi, na cire."

"Tarin daƙiƙa nawa?"

Ya kau da kai, ita kuwa ta miƙe ta fuskance shi.

"Mista Tollefsen, na ji waƙar nan ya fi sau dubu, ni ma kuma ina ɗan taɓa ganga. A sauran waƙoƙi tara, duk juyin da mai ganga zai yi da dama yake farawa. A wannan da hagu. Na kalli duk bidiyon Dewey da ke duniya, ba bahago ba ne."

"Yaron baiwa gare shi. Hannu biyu yake."

"To," in ji ta.

Wannan "to" ɗin ta hana shi cin abincin rana. Ya zauna yana jera masu laifi. Ya buga wa Corwin waya a Portland, inda yake dillancin gidaje. "Kai ka buɗe baki, ko? Tun kana yaro bakinka ba ya rufuwa."

"Kai dattijo, ka sha maganinka yau kuwa? Ni ina na san kana da bargon soja?"

Ya zargi maƙwabcinsa mai leƙe ta katanga. Ya zargi mai duba mitar gas da ya shiga garejin bara. Har faston da ya taɓa aron tsani sai da ya sa a layi. Ranar Laraba ya ga ya kamata ya gargaɗi ƙanwarsa, ya tuƙa zuwa gidanta da nufin ya jira ta dawo daga kai yara. Sai ya tarar da ita zaune a kicin da rigar gida, ƙarfe takwas na safe.

"Ba ki fita aiki ba?"

"Zauna, Arvid."

Bai zauna ba. "Matar nan ta gano. Wani munafuki ya sayar da mu, kuma sai na san ko wane ne. In ta zo miki, ki ce ba ki san komai ba, ki riƙa ɗaukar kofi da dama."

"Ni na rubuta musu."

Sai ga shi ya zauna.

Marlys ta ɗora hannunta na hagu a kan tebur. Hannun yana rawa shi kaɗai, ba ta hana shi ba. "Likita ya ce ba zai daina ba, gaba ma zai yi. Tun Satumba suka karɓi makullin bas. Kai da kake gane an buɗe wasiƙa ta hasken taga, wata biyu ina zubar maka da gahawa a faranti ba ka gani ba."

"Marlys, ai alkawari muka..."

"Muka? Dewey ya roƙe ka, kai ka yanke. Ina tsaye a wurin, sanduna a hannuna, ka ɗauko reza. Wa ya tambaye ni? Misis Lasko ni na riƙa kai mata miya har ta cika, ban ce mata uffan ba, kuma ban yi nadama ba. Amma tun Fabrairu aka binne ta. Shekara ashirin da shida yara na kunna waƙar nan a bayan bas ɗina. Ka san abin da wani ya taɓa ce min? 'Misis Marlys, don Allah daina buga sitiyari, kina ɓata mana Dewey.'" Ta yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. "Hannun nan ya taɓa yin abu ɗaya da ya tsaya a duniya. So nake jikokina su san nasu ne, kafin in kasa riƙe cokali."

Kunya ta rufe Arvid, irin wadda bai taɓa ji ba. Shekara talatin yana tsaron sirri, a ganinsa har ita yake karewa, ashe ita ya danne. Ya tashi ya koma gareji ya sauko da gwangwanin.

Tessa ta leƙa ciki ta girgiza kai. Gwangwanin ya yi tsatsa, guntun tef yana nan a jikin fensir, damina talatin ba kwali ba bargo. "Ko an gasa shi, sau ɗaya zai wuce," in ji ta. "Yana gogar kan na'ura mai karanta sauti garin zai zube. Dole kwamfutata ta kasance a haɗe tun juyin farko. Ka ji ni, Mista Tollefsen? Babu na biyu."

"Kafin a haife ki nake yanka tef," ya ce.

Alhamis aka gasa. Juma'a da hantsi ya buɗe tsohon yankan ya mayar da guntun mazauninsa, ya shafe mannen da farce. Marlys ta zo da rigarta ta zuwa coci, ta zauna a kan wani mataccen injin wanki, ta matse hannun hagu a tsakanin gwiwoyinta.

A nan ne tsohon ciwonsa ya motsa. Yana tsaye, yatsa a kan maɓalli, sai ya ga bai tuna duk abin da ke cikin daƙiƙa goma sha biyun nan ba. In akwai muryar Dewey yana kuka fa? In kamfani ya ɗauki kukan mamaci ya sa a kasuwa fa? Matar nan da ta iya ɓoye wanda ya turo ta har kwana biyar, me kuma take ɓoyewa? Abin da ya shiga kwamfuta ai ya fita hannunsa ke nan. Ya ce a ransa, bari dai in ji tukuna, tef ɗina ne, na san halinsa, zai jure biyu. Tessa ta juya tana gyara wa Marlys lasifika. Ya zura hannu bayan na'ura ya zare wayar kwamfuta a hankali, ya danna.

Shuu na ɗan lokaci, sai dariyar Corwin. "To Marlys, nuna masa yadda ake yi." Sai Dewey daga nesa, shi ma dariya yake, ba kuka ba: "Ku saurara, yarinyar nan za ta kore ni daga aiki." Sai wata murya ta yarinya, tas, ba tsoro a cikinta: "Ɗaya, biyu, uku, huɗu." Ganga ta zubo.

Marlys ta rufe bakinta da hannu. Hawaye na bin yatsunta.

Tessa ta koma kan allon kwamfuta, ta tsaya cak. "Ba abin da ya shiga." Ta ɗago, idonta ya sauka a kan wayar da ke hannun Arvid.

"Za a sake," ya ce da sauri. "Yanzun nan." Ya mayar da waya, ya juyo da tef baya. Tun kafin ya danna ya gani: kan na'urar ya yi baƙi da gari kamar an barbaɗa gahawa, guntun kuma haske na ratsa shi. Ya danna duk da haka. Shuu, shuu, sai ganga ta shigo ita kaɗai, kamar yadda kowa ya san ta.

Da waƙar ta kai rabi, Tessa ta miƙa hannu ta kashe. Wannan karon bai ce mata hannunta a aljihu ba.

"Zan faɗa," in ji Arvid. "Da bakina. A ɗauka a sa a faifan."

"Za a ɗauka," in ji Tessa. "Ni ma zan faɗi abin da na ji. Amma shekara ashirin da biyar kana gaya wa 'yan jarida ruwa ya ci tef ɗin nan, ga shi kuwa a gabanmu. Corwin ya sha rantsewa Dewey ne. Ni kuma za a ce kamfani ne ya sa ni don a sayar da faifai. Masoyan faifan nan ba sa yarda da kowa."

Ya san irin mutanen. Ya san su sarai.

A waje ana jin motsi, wasu biyu sun zo ɗaukar hoton ƙofa, suna gardamar inda ya kamata a tsaya. Marlys ta share fuskarta da bayan hannu. Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi ya fi masa sauƙi.

"Buɗe ƙofar, Arvid."

"Me?"

"Buɗe, su ji. Da su za ka fara. Ka fara da sunana, kuma ka ɗaga murya."

Ya kama ƙofar ya ɗaga ta sama, fenti na zubo masa a kafaɗa. Saurayi da budurwa ne, dukansu da riga mai fuskar Dewey a ƙirji. Saurayin ya ja da baya yana duba inda tiyo yake. Arvid ya nuna matar da ke zaune a kan injin wanki, hannunta na rawa a cinyarta, ya ce, "Wannan Marlys ce, ƙanwata. Ita ta buga ta huɗu."

Suka kalle ta, suka kalle shi, suka kalli juna.

"Uhm," in ji saurayin.